Kafen Surukina

Ni mutum ne mai baki. Duk wanda ya taɓa cinikin albasa da ni a kasuwar Illela zai gaya maka ba a kai ni ƙasa, kuma in raina ya ɓaci har masu awon gero na can ƙarshen layi sai sun ji muryata. Amma akwai mutum ɗaya a duniyar nan da in na hango shi harshena ke naɗewa, shi ne mahaifin matata. Har muka yi shekara goma sha ɗaya da aure ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba. In muka yi kaciɓis sai in durƙusa, in gaishe shi ina kallon takalminsa, in tashi in ba shi hanya.

Lokacin da yake can Ƙonni, ƙetaren iyaka, abin da sauƙi. Gaisuwar salla ce, sai suna, sai ta'aziyya, mutum ya yi ya dawo gidansa ya sake. Sai surukata ta rasu, Allah ya ji ƙanta, gida ya rage daga shi sai kaji. Ba shi da ɗa namiji, cikin 'ya'yan da Allah ya ba shi matata ce kaɗai ta rage. Wata rana jiri ya kwashe shi a tsakar gida ya faɗi, bai sami mai ɗaga shi ba sai da wata maƙwabciya ta shigo aron turmi. Da labarin ya iso matata ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Ni kuwa na ɗauki wani dattijo, aminin mahaifina, muka ƙetara, don ya yi magana a madadina tunda ni bakina ba ya buɗewa. Da ƙyar da jiɓin goshi surukina ya yarda zai zo wurinmu ya huta kwana biyu. Haka ya ce, kwana biyu. Kowa ya san dattijo mai mutunci ba ya son a ce ga shi can gidan mijin 'yarsa yana cin tuwo. Ni dai burina ɗaya ne, kada ya koma gidan nan shi kaɗai. Na san in ya sake faɗuwa, ba lalle ba ne wata ta zo aron komai.

Na gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure, na sa aka yi masa sabon daɓe. Kayan da ya zo da su ba su da yawa: jakar tufafi ɗaya, buzun salla, sai wani kwali da aka ɗaure da igiya tamau, wanda bai yarda kowa ya ɗaukar masa ba. A cinyarsa ya riƙo shi tun daga Ƙonni. Na san ya yi shekara talatin yana aiki a wani otal a Yamai kafin ya huta, amma ban taɓa tambayar wane aiki ba. A dangina akwai masu taɓe baki su ce ai kukun Turawa ne, ni ma ban ce musu komai ba a lokacin, abin da har yau nake jin haushin kaina a kai.

Washegari da hantsi ina ɗakina ina neman hula, sai wani ƙamshi ya shigo ya tsayar da ni. Ya yi kama da na suyar gyaɗa, amma ya fi shi nauyi. Tagar ɗakina tana kallon ƙofarsa, sai na ɗan ɗaga labule. Ga surukina zaune a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, ya hura gawayi a ɗan murhu, ya shimfiɗa wani farin ƙyalle ya jera kayan kwalin nan a kai.

Daga ranar na zama ɗan leƙe a gidana, ba na jin kunyar faɗa. Kullum ina nan bayan labule ina kallonsa, don ban taɓa ganin mutum yana aiki da natsuwa irin tasa ba. Da niƙa yake farawa. Akwai wani ɗan akwatin katako mai mariƙi a ka, sai ya zuba ƙwayar kafe, wato gahawa, a ciki, ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa yana juyawa a hankali. In ya gama ya ɗebi garin ya murza tsakanin yatsu biyu. In bai yi masa ba, sai ka ga ya girgiza kai ya sake. Tukunyar kuwa 'yar ƙarama ce ta farin ƙarfe, mai ƙugu, hawa biyu, ana murɗe ta ta rabu. Ya zuba ruwa a hawan ƙasa, bai taɓa barin ruwan ya wuce wata 'yar ƙusa da ke jikinta ba. Ya cika wani ɗan mazurari da garin, ya share bakinsa da yatsa ba tare da ya danna ba, ya mayar ya murɗe. Kafin ya ɗora sai ya yayyafa toka a kan garwashin, wai kada wuta ta yi gaggawa. Sannan ya karkata kai yana saurare. Da ta fara ƙara ƙwar-ƙwar, caraf ya sauke ta ya tsoma gindinta a kwanon ruwan sanyi. Duk wannan hidima, abin da ke fitowa bai fi cikin ludayi ɗaya ba, baƙi wuluk, mai kauri.

Amma a madara ne ake ganin gwanintar. Ɗanyar madarar shanu yake so, ba ta gwangwani ba, ba ta gari ba. Ya ɗora ta a wata 'yar tukunya yana taɓa gefenta da bayan yatsa, da ta yi zafin da yake so ya sauke. Na ji shi yana gaya wa 'yarsa, “In ta tahasa ta mutu, sai dai a ba mage.” Sai ya ɗauko maburgi, irin wanda matanmu ke burga miyar kuka da shi, amma nasa shi ya sassaƙa da hannunsa, siriri, kuma bai taɓa ganin miya ba. Ya karkata tukunyar, ya sa maburgin tsakanin tafukansa, ya miƙe bayansa, ya fara murzawa. Da farko kan maburgin yana sama-sama, kana jin yana shan iska, daga baya ya nutsar da shi. Mutumin da in ya riƙe carbi hannunsa ke rawa, a nan ko gezau. Kana kallo madara za ta taso ta ninka. Ya ƙwanƙwasa gindin tukunyar a ƙasa sau biyu don manyan ƙwayoyin kumfa su fashe, ya jujjuya ta har ta yi sheƙi kamar ƙullun ƙosan da ya sha bugu. Sannan ya zuba a kan baƙin nan, cikin wani farin kofin tangaran da ya riga ya ɗumama da ruwan zafi. Daga sama yake farawa, ya sauko da hannu a hankali, har fari ya zauna a tsakiya, ruwan ƙasa ya kewaye shi.

Matata ta gaya mini a otal inji ne ke yi musu wannan, ƙato, mai fitar da tururi, kuma can sunan abin kafucino. Da ya bar aiki ya rasa inji, shi ne ya zauna da maburgi damina guda cur yana ɓarnar madara har ya gano kan abin. Ka ji mutumin da wasu ke taɓe wa baki.

A ranar farko, ina nan bayan labule, sai na ga ya ɗora kofin a faranti ya kira 'yarsa. Na yi maza na saki labule na zauna a bakin gado kamar ba ni ba. Ta shigo ta ce, “Baba ya ce a kawo maka. Ya ce a sha yanzu, wai ba shi jira.”

Ni da na san kafe, na ɗauka garin nan ne mai ɗaci da mai shayi ke zuba wa direbobi don kada su yi barci a hanya. Na kurɓa ina shirin ɓata fuska. Kai! Wallahi sai da na rufe ido. Kumfar ce ta fara zuwa, mai laushi, da zaƙinta na madara ba tare da an sa sukari ba, sannan ɗacin ya biyo baya a hankali, ɗaci mai daɗi da ke zama a maƙogwaro. Na sake kurɓa, na sake. Da na ga ya kai rabi sai na ajiye kofin a faranti na ture shi.

Matata ta ce, “Ka shanye mana.”

Na ce, “Ke, kina da hankali kuwa? So kike shi ce ɗiyarshi ta auri mayunwaci?”

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Ranar da za ni gaisuwar surukai ta farko, mahaifiyata ta kama kunnena, da gemuna da komai, ta ce, “In anka aza maka abinci, ko yunwa za ta kashe ka, ka yi loma uku ka janye hannu. Kada ka kuskura a ce ɗana ya siɗe kwano gidan surukai.” A unguwarmu akwai wanda ya cinye kaza guda a gidan iyayen matarsa, yau ya yi jikoki amma ba a bar tsokanarsa da ita ba. To gida dai nawa ne, amma hannun da ya yi abin hannun suruki ne. Na san kuma shi ke wanke kofinsa da kansa, ba ya barin kowa ya taɓa, saboda haka zai ga rabin da na rage. So nake ma ya gani. Ina ta jin daɗi a raina, na ce yau dattijo zai san 'yarsa gidan tarbiyya ta shiga.

Haka muka yi ta yi. Kwana biyu suka zama sati, sati ya zama wata, ni kuwa ina ta godiya ga Allah bai ta da maganar komawa ba. Kullum kofi ya zo cike, kullum ya koma rabi. Kada ka ɗauka abin bai dame ni ba. Akwai ranar da na bi farantin da kallo har ƙofa, kamar in ce ta dawo da shi. Ina kasuwa ina faɗa da dillalai, ɗanɗanon yana bakina, ina tunanin rabin nan da za a zubar a gindin dogon yaro. Amma na daure, ina ganin jarumta nake yi.

Sai na lura kafen yana canzawa. Yau ya fi ƙarfi, gobe ya fi laushi, jibi kumfar ta fi kauri. Daga bayan labule na ga yana ƙara niƙa garin, wata rana ya rage. Ya canza gawayi. Ya sassaƙa sabon maburgi mai yatsu biyar a maimakon huɗu. Sannan wata safiya na leƙa ban gan shi ba. Ashe tun da aka sallame asuba ya ɗauki sanda ya miƙi hanyar ƙauyen Araba a ƙasa, don ya tari matan Fulani kafin su shigo gari, wai madarar da ke isowa ƙofar gida ta riga ta sha rana. Mutum mai jiri! Na hau matata da faɗa kamar ita ta aike shi. Ta bari sai da na gama, ta ce, “To ga shi can ya dawo, je ka hana shi.” Abin da na iya kawai, na nemi wata Bafulatana da muka saba na roƙe ta ta riƙa fara biyowa ta gidanmu. Ita ma ba ta tsira ba, kullum sai ya tsare ta da tambaya, wace saniya ce, me ta ci jiya, yaushe aka tatsa. Tana dariya tana cewa ita tunda take ba ta taɓa ganin mai saye irin wannan tsoho ba.

Matata ce ta fara kawo mini wata fassara. Ta ce, “Ka san a otal in kofi ya dawo da saura, mai shi bai ji daɗi ba ke nan. Shekara talatin Baba na duban gindin kofi. Ina jin gani yake bai yi maka ba.” Na ce af, in wannan ne ai da sauƙi. Na ce ta je ta gaya masa tunda uwata ta haife ni ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba. Ta je ta dawo. Na ce me ya ce? Ta ce ya ce madalla. Na ce sai me? Ta ce shi ke nan, madalla. Washegari kofi ya zo, na sha rabi na mayar, ina ganin ai an riga an fahimci juna.

Akwai kuma wani abu da ke cin raina a kwanakin. Surukina ba ya cin abinci. Duk kwanon da aka kai masa, tuwo ne, shinkafa ce, dambu ne, sai ya dawo da rabi, an gyara gefensa tsaf. Na sa aka yanka kaza, rabi ta dawo. Na ce ko miyar ce ba ta yi masa ba, na yi wa matata ƙorafi har muka yi kwana biyu ba ma dariya. Na sayo masa shadda mai kyau, ya aiko da godiya da addu'a mai tsawo, ya ninke ta ya ajiye bai kai wa tela ba. Mutum yana ramewa a gidana ina kallo, wuyan rigarsa yana ƙara faɗi. Ni da nake taƙama ina gane buhun da aka yi wa cushe tun daga nesa, ban gane abin da ke gaban hancina ba.

Ranar wata Lahadi, ranar kasuwarmu, na shirya da wuri na tsaya bayan labule. Babu hayaƙi, babu ƙamshi, babu tabarma a gindin dogon yaro. Na ce ko jirin ne. Sai ga matata ta shigo ba faranti a hannunta, idanunta jawur. Ta ce, “Baba ya ɗaure kaya. Ya ce yau kasuwa, motocin Ƙonni sun yi yawa, gara shi bi su. Ɗan kabu-kabu na ƙofar gida zai kai shi tasha.”

Ban san lokacin da na fita ba, ba hula, ba takalmi. Na same shi a bakin ƙofarsa zaune a kan buzu, jaka a gefe, kwalin nan an ɗaure shi da igiya yadda ya zo. Zuciyar nan tawa ta kasuwa ce ta taso, ta ture kunyar shekara goma sha ɗaya gefe. Na ji muryata tana fita da ƙarfi a gaban surukina, har kaji suka watse.

Na ce, “Haba Baba! Mi munka yi maka? In wani ya ɓata maka rai a gidan ga, ka hwaɗi, ko ni na! Ka koma can ka zauna da wa? Ka sake hwaɗuwa wa zai ɗaga ka? Wata biyu kana gidan ga ba ka cin abinci, kwano shi tahi shi dawo da rabi, ina kallo kana ramewa. Abincinmu na ba ka so, ko mu na ba ka so?”

Da na ji abin da ya fito daga bakina, sai na durƙushe a ƙasa inda nake. Shi kuwa bai ko motsa ba. Ya bari sai da numfashina ya dawo, sannan ya ce, “Malam, ashe rabi na da ciwo?”

Na sunkuyar da kai ina kallon bakin buzunsa.

Ya ce, “Ɗiyata ta ce maka otal ya ɓata ni, ko? Kana zaton Faransa anka haihe ni? Na san kunya, na san abin da kaka yi. Ni ma na yi ta ga surukaina, har sunka rasu ban sha ruwa gabansu ba. Sun rasu ban san su ba, su ma ba su san ni ba. Amma ni gaisuwa nika zuwa in yi in koma gidana. Kai ko ɗauko ni kay yi, kac ce in zauna.”

Ya ɗora hannu a kan kwalin. Ya ce, “Ba ni da gona da zan ba ka, ba ni da ɗa da zai taya ka kasuwa. Abu guda nis san yi a duniya, shi nika aiko maka kowace sahiya. Na gyara wuta, na gyara madara, na ce ko wata rana daɗi shi rinjaye ka ka manta ni suruki na, ka shanye awa yadda ɗa ka shanye abin ubanshi. Ba ka manta ba ko sau guda. To mutumin da aka rage ma rabi baƙo na. Tunda ni baƙo na, ni ma sai in ci tuwonka cin baƙo. Kai rabi, ni rabi, yunwa na cinmu gida guda. Na gaji, Malam. Gara in koma inda zan siɗe kwanona ba mai ganina.”

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na tuna tafiyar nan tasa a ƙasa da sanda, da sabon maburgi, da duk safiyar da na tsaya bayan labule ina yaba hannunsa a zuci, sannan in mayar masa da aikinsa ya zubar. Kunya ta kama ni, ta gaske, wadda ban taɓa jin irinta ba. Na kuma ji tsoro, don na ga mutumin nan ba barazana yake yi ba, tafiya zai yi.

Na ce, “Baba, a kwance kwalin.”

Ya ce, “Mai babur na jira.”

Na ce, “Shi jira.”

Ya daɗe yana kallona. Ni ma, karo na farko, na ɗaga kai na dube shi. Ashe yana da wani ɗan tabo a gira, ban taɓa sani ba. Can sai ya sunkuya ya fara kwance igiyar. Na tashi na ɗauko murhu da kaina, na zuba gawayi, na durƙusa ina hurawa, toka na tashi tana shiga idona. Matata ta kawo madarar da Bafulatana ta bari, ta ajiye ta koma ƙofar madafa ta tsaya. Ya shimfiɗa tabarma ya ce in hau. Na zauna a can bakin gefe. Ya ce, “Matso.” Na matsa har gwiwata ta kusa taɓa tasa.

A ranar, aikin bai tafi yadda na saba gani ba. Garin ya zube masa a farin ƙyalle. Ni kuma na cika wa wutar iska, garwashi ya yi ja sosai, shi bai tuna da toka ba. Tukunyar ta yi ƙara tun bai shirya ba. Yana fama da ita madara ta taso ta zubo a kan gawayi, ƙauri ya tashi. Ya dai burga ta haka nan, ya zuba, kumfar duk manyan ƙwayoyi. Ya ɗauki kofin da hannu biyu ya miƙo mini, ba faranti, ba ɗan aike.

Na sha wuya iri-iri a rayuwata, na taɓa kwana uku a hanya da mota ta lalace da albasa tana ruɓewa, amma ban taɓa yin abu mai nauyin ɗaga kofin nan zuwa bakina ba. Surukina na kallona, matata na kallona, ina jin kamar mahaifiyata ma tana tsaye a bayana. Zufa ta karyo mini. Ina jin ƙarar haɗiyata a kunnena kamar duk unguwa na ji. Da na kai rabi hannuna ya tsaya da kansa, saboda sabo. Na runtse ido na ci gaba. Ya ƙona mini harshe, ban damu ba. Na shanye tas, na sa yatsa na kwashe kumfar da ta maƙale a gindi na lashe, na miƙa masa kofin.

Ya karɓa ya leƙa ciki. Ya juya shi, ya sake leƙawa. Sannan ya ɗauki tukunyar madarar ya sunsuna, ya ɓata fuska.

Ya ce, “Kaico. Madara ta tahasa, kafe ya ƙone. Shekara talatin ban taɓa miƙa ma mutum irin wanga ba. Kai wane irin yaro na? Masu kyau duk ka maido mani, mummunan ka shanye.”

Na buɗe baki zan ce ya yi daɗi. Sai hawaye suka zubo mini, ni mai faɗa da dillalai, a tsakar gidana da rana tsaka. Na sunkuyar da kai don kada ya gani, amma ya gani. Ya jefo mini tsumman da yake riƙe tukunya da shi ya ce, “Goge, har da gashin bakinka, duk kumfa ta.”

Sai ya juya wajen madafa ya ɗaga murya ya kira 'yarsa. Ya ce, “Ke, je ki sallami mai babur, ki ba shi haƙuri. Ba ni tashi daga gida in bar wanga abu ga bakin mutum. Gobe a sake, kuma kada wanda ya ƙara taɓa mani wuta.”

Ta fita da gudu ko mayafi ba ta gyara ba. Ina nan zaune a tabarma da tsumma a hannuna, na ji babur ya tashi, ya bi layi ba kowa a bayansa.